Jagorar Gyaran Tudun Dogo da Taƙaita Hayaƙin Kabon

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne, kowace shekara idan damina ta ja baya aka fita duba ɓarnar da ruwa ya yi wa layin dogo, sai a tarar samarin da suka shigo aikin nan da ɗumi-ɗuminsu, masu takardar shaida da marasa ita, suna maimaita kuskure guda, wato da zarar sun ga gefen tudu ya zame ko ruwa ya yi masa kwazazzabo, tun ba su tambayi inda ruwan ya fito ba har sun shiga lissafin buhunan siminti da sahun tifa. Wannan gaggawa tana cin kuɗi, tana shan man dizal, tana sakin hayaƙin kabon ba da wata larura ba, kuma galibi wurin yakan sake zamewa damina mai zuwa, domin sababin ɓarnar yana nan inda aka bar shi.

Aikin ƙasa a wurinmu abu uku ne: tudun da aka cika don dogo ya ƙetare kwari ko fadama, da tsagin da aka yanka a jikin tsauni don dogo ya ratsa, da magudanai da kwalbatocin da ke raba su da ruwa. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 an tayar da tudunsa ne da diga da kwando, kafin a san injunan daɓe na zamani, saboda haka cikinsa ba shi da ƙarfin da ido ke zato. Layin da ya kai Maiduguri a 1964 ya ratsa wuraren baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, sababbi ne, amma ruwan sama ba ya tambayar shekarun tudu.

Hayaƙin aikinmu kuwa daga ƙofa uku yake fita. Litar dizal ɗaya idan ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Tan ɗaya na siminti yana sakin tsakanin kilo 600 da 900 gwargwadon irinsa, domin sai an gasa dutsensa da zafin da ya kai digiri 1450, kuma shi kansa dutsen yana fitar da iskar yayin da yake gasuwa. Wato tun buhun bai baro Obajana ko Ashaka ko Kalambaina ba an riga an ci bashin hayaƙinsa. Tan ɗaya na sabon ƙarfe kuma yana sakin kusan tan 2. Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, to amma ko ba don alkawarin hukuma ba, israfi abin ƙi ne a shari'a da al'ada, kuma ƙona man da ba a bukata israfi ne tsantsa.

Kayan aiki da sharuɗɗa

Mafi yawan kayan suna sito sun yi ƙura: diga, shebur, baro, kwanon sarki, madaɓi na hannu da ƙaramin injin daɓe, igiyar awo, turaku da fenti, na'urar safiyo, ko siririn tiyo mai ruwa irin na magina, ƙarfen haƙa na murɗawa don ɗebo samfurin ƙasa, tocila mai haske, littafi, da wayar hannu mai ɗaukar hoto, takalmi mai ƙarfi, safar hannu, tabarau da riga mai ƙyalli, jar tuta da usur.

Sharuɗɗan kuwa uku ne, ba a sassauta ko ɗaya. Kada kowa ya taka layi sai da izinin mai kula da zirga-zirgar jiragen sashen. A tsayar da mutum guda wanda ba shi da wani aiki face kallon hanya da busa usur. Duk wani gyara da zai taɓa ƙasar da dogo ke zaune a kanta sai injiniyan da ya san halin ƙasa ya sa hannu. Malaman fiƙihu sun gabatar da kiyaye rai a kan kiyaye dukiya, saboda haka duk inda rage hayaƙi ya ci karo da lafiyar jirgi da fasinjojinsa, babu jayayya, lafiya ce gaba.

Mataki na 1: Zagaya layin da ƙafa

Wanda ya duba tudu daga tagar mota ko daga kan kura bai duba ba. Ka sauka ka bi gindinsa, ka hau kafaɗarsa, a lokuta uku: da bazara kafin ruwan farko, da washegarin kowane ruwa mai ƙarfi, musamman a watan Agusta, da kuma kaka. Abin da kake nema shi ne tsaga mai siffar baka a kafaɗa, da kumburi a gindi, da tsakuwar dogo da ke zubowa gefe, da turke ko bishiya da ta karkata, da ramukan gafiya da gidajen gara, da ciyawar da ta tsaya kore shar alhali 'yan'uwanta sun bushe. Ka kula ƙwarai da wurin da dogo ya saba lotsawa ana ta ƙara masa tsakuwa, ko inda laka ke tsartuwa daga ƙarƙashinsa idan jirgi ya wuce, domin tsakuwar nan da ake ƙarawa ta nutse ne ta yi aljihu a cikin tudun, aljihun kuma yana tara ruwa.

Inda ka yi shakka, kafa turaku a jere bisa igiya guda, ka auna, ka dawo ka sake aunawa. Turken da ya fita daga sahu ya shaida maka ƙasa tana tafiya. Fa'idar wannan wahala ita ce, abin da aka gani yau shebur da baro sun ishe shi, in aka bar shi ya kwana damina sai katafila da jerin tifofi, kuma bambancin hayaƙin da ke tsakanin su biyun ya fi duk abin da wata dabara za ta rage daga baya.

Mataki na 2: Bi sawun ruwa

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, kuma a nan ne rabin aikin yake. Ƙasa tana tsayuwa ne saboda ƙwayoyinta suna cije da juna. Idan ruwa ya cika ƙofofin da ke tsakaninsu sai ya tura su ya sassauta cizon, ya kuma ƙara wa gangaren nauyi, har a kai haddin da ƙasar ba za ta iya ɗaukar kanta ba. Saboda haka kafin ka yi tunanin bango ko ciko, wajibi ne ka san ta ina ruwan ya shiga, da kuma abin da ya hana shi fita.

Fara daga sama. Duba magudanar da ke bisa kan tsagi, wadda aikinta tare ruwan gona da na daji kada ya zubo ta fuskar gangare. Sannan magudanan gefen dogo. Sannan bakin kwalbati, da cikinta, da wutsiyarta. Kusa da garuruwa za ka tarar kwalbati ta zama juji, leda da yashi da karan dawa sun cushe ta, kuma kwalbatin da ta toshe tana mayar da tudun dogo madatsar ruwa, alhali ba a gina shi don ya riƙe tafki ba. Ruwan zai taru a bayansa har ya sami hanya ta cikinsa ko ta kansa, sa'an nan a wayi gari dogo yana reto a sarari. Yashe ta aikin leburori ne da shebur, ba ya bukatar ko digo na dizal. Abin da aka yaso kada a jibge shi a bakin magudana ko a kafaɗar gangare, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A kwashe shi nesa. Inda ruwa ke fita da ƙarfi yana cin ƙasa a wutsiyar kwalbati, a shimfiɗa manyan duwatsu su karya ƙarfinsa.

Hatsarin wurin ba kaɗan ba ne. Kada mutum ya shiga kwalbati shi kaɗai, ko ya shiga alhali hadari ya haɗo, ko da a nesa ne, domin ruwan da aka yi a wani gari yana iya isowa ba sallama. Akwai macizai da kunamu, kuma doguwar kwalbati da ta daɗe a toshe takan tara iska mai sumar da mutum.

Kada kuma a ɗauka cewa magudana tana aiki don kawai tana cikin taswira. Ranar 12 ga Agusta 2020, a Karmont ta ƙasar Sikotlan, jirgin fasinja ya sauka daga kan dogo bayan ruwa mai ƙarfi, mutum uku suka rasu, kuma bincike ya tabbatar cewa tsakuwar da jirgin ya taka ruwa ne ya kwaso ta daga wata magudana da ba a gina ta yadda aka zana ba. Abin da aka zana daban, abin da ke ƙasa daban. Idonka ne alƙali.

Mataki na 3: Yi hisabi kafin ka kira tifa

Idan ka san sababi, zauna da littafinka ka yi wa kanka tambayoyi bisa tartibi. Shin gyaran magudana da sa ido sun wadatar? In ba su wadatar ba, shin ƙaramin aiki a daidai wurin da ya lalace zai yi, ba sai an rushe gangaren duka ba? In sai an yi babba, shin ƙasa da dutsen da ke wurin za su ɗauke shi? Kankare da ƙarfe su ne amsar ƙarshe. Ga kowane zaɓi rubuta yawan siminti, da nauyin ƙarfe, da litocin dizal har da na jigila, ka ninka da adadin da na ambata a sama. Alal misali, buhu 100 na siminti tan 5 ne, hayaƙinsa tan 3 zuwa 4 da rabi, wato ya zarce na lita 1000 ta dizal. Da yawa ba su yarda da wannan ba sai sun yi lissafin da hannunsu.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne ƙirga hayaƙin yau kaɗai. Gyara mai araha da za a maimaita shi kowace shekara ya fi wanda aka yi sau ɗaya ya zauna tsada a ƙarshe, kuma duk ranar da layi ya rufu, kayan da jirgi zai ɗauka komawa suke kan manyan motoci, waɗanda hayaƙinsu a kan kowane tan ya ninka na jirgi.

Mataki na 4: Gyara da ƙasar wurin

Al'adar da ta zama jiki ita ce a kwashe ƙasar da ta zame a zubar, a sayo burji daga nesa, wato tifa ta tafi cike ta dawo cike, ana ƙona mai a kowane sahu. Sau da yawa ƙasar nan ba ta da laifi sai jiƙa. A aika samfurinta ɗakin gwaji. In ta cancanta, a baza ta ta sha iska a mayar da ita.

Da farko a kankare ƙasar sama mai saiwoyi da taki a tara ta gefe guda, domin ba ta daɓuwa, amma za a bukace ta wurin shuka. Sannan a haƙa har a wuce fuskar da ƙasar ta zame a kanta, wadda za ka gane ta da santsi da laushi, a kai ga ƙasa mai ƙarfi. Wanda ya yi ciko bisa wannan fuska ya ƙara mata kaya ne kurum. A yanka tsohon gangaren matakala-matakala don sabon ciko ya zauna a kan shimfiɗa, ya kama tsohon. A shimfiɗa tsakuwa ko yashi mai tsabta a ƙasa da bayan cikon, da hanyar fita, don ruwan cikin tudu ya sami mafita. Sa'an nan a riƙa zuba ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kada ta wuce santimita 15 zuwa 20 idan ƙaramin inji ne, a daɓe ta sarai kafin a ɗora wata. Mai gaggawa yakan zuba kauri ya bi ta kai da inji, sama ta yi kyau, ƙasa tana nan sako-sako.

Laimar ƙasa ita ce sirrin daɓe. Dunƙula ta a hannunka: in ta watse ta bushe, in ta ɓata maka tafi ta yi ruwa, in ta dunƙulu ta karye gida biyu ba tare da ta rugurguje ba ta yi daidai. Wannan gwajin heluma ne, ba ya maye gurbin na ɗakin gwaji. Don haka nake ganin kaka ta fi kowane lokaci dacewa da irin wannan aiki a ƙasarmu, domin ƙasa tana da sauran laimarta. Wanda ya jinkirta har hunturu ya shiga, sai ya yi ta jigilar ruwa da tanka, ga mai ga kuɗi.

Gargaɗi mai nauyi: kada a taɓa yanke gindin gangare da tsawo a lokaci guda, domin gindin ne ke tokare da abin da ke sama. A buɗe gajeren yanki, a cika shi, sannan a matsa gaba, kuma kada lebura ya shiga rami mai zurfi da ba a tokare bangonsa ba. Inda akwai fili, kwantar da gangaren ko jibge ƙasa a gindinsa ya fi kowane bango sauƙi. In kuwa dole sai an ɗebo ƙasa, kada a haƙa kududdufi a gindin tudu. Zai tara ruwa ya jiƙa tushen, ya haifi sauro, ya zama tarko ga yara.

Mataki na 5: Farar ƙasa da siminti, gwargwadon larura

Baƙar laka ba ta jin daɓe ita kaɗai. Ana cakuɗa ta da gasasshiyar farar ƙasa, galibi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na nauyinta, sai ta bushe, ta rage kumburi, ta yi ƙarfi. Kada a ruɗe ka cewa farar ƙasa ba ta da hayaƙi. Ita ma gasa dutse ake yi, kuma tan ɗayanta yana sakin kusan tan guda ko fiye. Ribarta ita ce kaɗan ake sawa, kuma tana hana jigilar ƙasa mai yawa. Ɗakin gwaji ne zai yanke adadin, ba ƙiyasin ido ba, kuma ba ta amfani a rairayi. Tana ƙona fata da ido, saboda haka ba a baza ta ranar iska, ba a taɓa ta sai da safa da tabarau da ruwan wanki a kusa.

Inda kankare ya zama tilas, kamar bakin kwalbati, a zana shi daidai bukata, a bar ɗabi'ar ƙara buhu don kwanciyar hankali. Tokar ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a injunan casa na Kano da Kebbi, tana iya maye gurbin wani kaso na siminti, da sharaɗin an ƙona ɓuntun bisa ƙa'ida an niƙa tokar an gwada ta. Wadda aka kwaso daga juji ba ta shiga wannan magana.

Mataki na 6: Dutse, tsohon kaya da injuna

Kwandon waya cike da duwatsu yana tokare gindin tudu, yana barin ruwa ya wuce, yana kuma jure ɗan motsin ƙasa ba tare da ya fashe ba, abin da bangon kankare ba ya yi. A jera duwatsun da hannu, kowane ya fi idon wayar girma, a sa matacin yashi ko ƙyallen tacewa a bayansa don kada ƙasa ta sulale. Tsohuwar tsakuwar dogo in an tankaɗe ta tana shiga magudana da ciko. Tsofaffin ƙarafan dogo da tubalan kankaren da suke kwanciya a kai ana yin katangar tokari da su, amma bisa zanen injiniya. Tsofaffin katakan dogo da aka jiƙa da baƙin mai kada a ƙona su, kada a ba mata su yi girki, hayaƙinsu guba ne. Abin mamaki ne a ga ma'aikatan dogo suna kawo dutse da tifa ta hanyar da sai an share ta cikin gonakin mutane, alhali ga tarago. Duk abin da zai iya zuwa ta dogo ya zo ta dogo.

Game da injuna, magana kaɗan ce: a kawo wanda ya dace da girman aikin, a tsara rana yadda katafila ba za ta jira tifa ba, a kashe inji idan ba ya aiki, a tsabtace matacin iska saboda ƙura, a rubuta man kowace rana. Direban da ya bar inji a kunne ya tafi salla da cin abinci, heluma ne ya ƙyale shi.

Mataki na 7: Rufe gangaren da ciyawa

Gangaren da aka bari tsirara ruwan farko zai fara cinsa. A mayar da ƙasar saman da aka ajiye, a dasa jema da farkon damina. Saiwarta tana nutsawa kai tsaye har mita 3 ko fiye, tana ɗaure ƙasa, ganyenta kuma idan ya haɗu yana rage gudun ruwa ya tare laka; tana jure fari, tana tohowa bayan gobara. A dasa ta layi-layi a gicciye, ba daga sama zuwa ƙasa ba, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, a cike gurbin wanda ya mutu nan da nan, domin ta giɓi guda ruwa ke taruwa ya yi kwazazzabo. A nisanta ta daga tsakuwar dogo, a riƙa yanke ta kafin rani saboda wuta. Amma a sani ciyawa fatar gangare take riƙewa, ba ta tsayar da zamewa mai zurfi.

Bishiya kuwa tana da fuska biyu. Turare ko darbejiya kusa da dogo a kan baƙar laka suna shanye ruwa da rani har ƙasa ta tsuke dogo ya lotsa. Amma sare bishiyoyin tsohon gangare gaba ɗaya yana barin ruwa ya taru a cikinsa, saiwoyin kuma su ruɓe su bar ƙofofi. A rage na kusa da dogo, a bar na gindi, kuma kada a cinna wa abin da aka sare wuta.

Sai ka je wurin dagaci da mai unguwa da arɗo, da ladabi, ka bayyana musu abin da noma a gindin tudu da ɗiban yashi da burtalin shanu a kan gangare suke jawowa. Idan mutanen gari suka san an yarje musu su yanki jema don jinka da zana, su da kansu za su tsare ta.

Mataki na 8: Rubuta, ka dawo

Kowane wuri da aka gyara a rubuta alamar kilomitarsa, da sababin ɓarnar, da abin da aka yi, da buhunan siminti da litocin dizal da suka tafi, a haɗa da hoto kafin aiki da bayansa. Da wannan ne za a iya gwada aikin bana da na bara a san ko hayaƙin ya ragu haƙiƙa ko a baki ne kawai, kuma da shi ne wanda zai gaje ka zai san inda aka binne magudana. Ka koma wurin bayan ruwa mai ƙarfi na farko, ka sake komawa da kaka, ka auna turakunka. In sun motsa, ya ɗan'uwa, kada ka jira umarni daga ofis: ka sanar da mai kula da zirga-zirga a rage gudun jiragen sashen a ranar, sannan ka kira injiniya.